Maƙerin bayan Katako da jirgin Eugene Bullard: hannu akwai, alkawali ne babu

Tun ranar da na sa hoton ɗan ƙaramin jirgin kwanon nan a status ɗina na WhatsApp mutane ba su bar ni na huta ba, wannan ya ce ina ka saye shi, wancan ya ce nawa ne, wata ma cewa ta yi daga Dubai anka aiko maka ko daga Faransa. To ga amsa gaba ɗaya kowa ya karanta. Ba daga ko'ina anka aiko shi ba, nan Yamai anka ƙera shi, bayan kasuwar Katako, cikin wata rumfar kwano wadda in rana ta take ko minti goma ba ka iya yi ciki sai zufa ta jiƙa ka sharkaf, kuma mutumin da ya ƙera shi bai taɓa shiga jirgi ba tun da uwarsa ta haife shi, shi da bakinsa ya gaya mini. Sunansa da lambarsa ba zan sa nan ba, don akwai abin yabo akwai kuma abin da ya ɓata mini rai, kuma duka biyu zan faɗa.

Mafarin abin ɗana ne. Talaje muke zaune, jirgi bai tashi ko ya sauka filin Diori Hamani ba mu ji ba, to yaron nan ko tuwo yake ci in ya ji ƙugi sai ya yar da loma ya ruga waje yana ɗaga kai. Shekararsa goma sha ɗaya, ya riga ya yanke wa kansa hukunci matuƙin jirgi zai zama, uwarsa ta yi faɗan har ta gaji. Wata rana da dare kuran, wato wutar lantarki, ya tafi muna zaune tsakar gida ya ce Baba, wai cikin baƙaƙen fata wa ya fara tuƙa jirgin yaƙi? Ni mai koyar da tarihi ne a kwaleji, kun ga kunya ce in ce masa je ka tambayi wani, sai na ba shi labarin Eugene Bullard, kuma bakina ya ja mini, na ce in ka wuce sizyam, ajin farko na kwaleji, zan samo maka irin jirginsa. Yaro ya wuce. Ni kuma bashi ya hau kaina.

Na zaga Babbar Kasuwa, na leƙa kantunan kayan wasan yara, duk abin da ke akwai jiragen roba ne masu batir masu ƙyalƙyal da wuta ja da kore suna kiɗa, kwana uku sun karye. Na duba intanet akwai irin wanda ake sayowa gutsi-gutsi a haɗa da gam, amma kuɗin kawo shi Yamai ya fi kuɗin abin kansa, ga jira. Wani abokin aikina ne ya ce mi zai hana ka je wajen masu ƙera ƴan motoci da kekuna na gwangwani da waya, waɗanda da can nasara masu yawon buɗe ido ke saye, yanzu da babu baƙin sun koma yin murhu da ludayi da akwatin ƙarfe. Shi ya kai ni.

Mutumin dattijo ne, gemu ya fara fari, tabarau ɗaure da zare, yaransa uku suna bugun kwano. Na gaishe shi na ce Baba aiki na kawo amma ba irin wanda ka saba ba. Na fiddo fotokopi uku, jirgin ta gaba, ta gefe, ta sama. Ya karɓa ya juya su ya sake juyawa ya ce Mushe wanga jirgi ne ko keken ɗinki mai fiffike? Yaran sunka fashe da dariya. Na ce jirgi ne, SPAD 7 sunansa, Faransawa sunka ƙera shi a 1916, fiffike biyu gare shi ɗaya bisa ɗaya ƙasa an ɗaure su da sanduna da wayoyi, gangar jikin yawanci katako ne anka lulluɓe da ƙyalle anka shafe da wani irin fenti don ya yi tauri, gaba ne kawai wajen injin ke da ƙarfe. Injin Hispano-Suiza mai silinda takwas, bindiga mai jigida guda ɗaya tak a gaban matuƙi tana harbi ta tsakanin farfela, gudunsa wajen kilomita 190 a awa. Ya ce ƙyalle? Na ce ƙyalle. Ya ce kuma mutum ya shiga ya tashi sama ana harbinsa? Na ce ko laimar sauka ba su da ita. Ya ajiye takardar ya ce to wanga ba jarumi ba ne, mahaukaci ne, Allah ya shirya.

Na gaskiyar faɗin fiffikensa ya kusa mita takwas, tsawonsa mita shida da ɗan wani abu, ni na ce a yi mini faɗin santimita arba'in tsawo talatin, wato a raba komi gida ashirin. A nan na fara ganin mutumin ya san aikinsa, don bai ɗauki mita ba, tsinken tsintsiya ya karya ya auna fiffiken a hoto, ya auna jikin da shi, ya ce jikin kashi uku ne cikin huɗu na fiffike, haka ne? Haka ne kuwa. Ciniki ya fara da jikka hamsin, na ce Baba albashin malamin lakwal ne fa ba na minista ba, munka ja munka ja munka tsaya jikka talatin da biyar, na ba da ashirin abansi, ya ce sati biyu ka zo ka ɗauka in Allah ya so. Wannan sati biyun ku riƙe shi.

Ranar ban tafi da wuri ba don an ɗora shayi, kuma ƙaramin yaron shagon ya ce Mushe wai wane ne mai jirgin. Kun san malamin tarihi in an taɓo shi. Na ce an haife shi 9 ga Oktoba 1895 a garin Columbus na jihar Jojiya, kudancin Amurka, kakanninsa bayi ne, kuma lokacin ne da fararen wurin ke iya kama baƙin mutum su rataye shi kan itace ba mai ce musu don mi. Yana yaro ƙarami taron fararen fata sunka zo neman ubansa don su kashe shi saboda wata rigima da anka yi wajen aiki, uban ya sha da ƙyar. Uban nan kuma ya sha gaya wa ɗiyansa akwai wata ƙasa Faransa inda ake kallon baƙi kamar mutum. Maganar ta zauna wa yaron, yana da shekara goma sha ɗaya, daidai ɗana ke nan, ya gudu daga gida. Ya yi ta gararamba, ya yi kiwon dawaki ya yi sukuwa, har 1912 ya ɓuya cikin wani jirgin ruwan Jamusawa na ɗaukar kaya, sunka sauke shi Aberdeen ta ƙasar Skotland. Daga nan ya gangara Ingila ya shiga damben turawa, dambe ne ya kai shi Paris a 1913, ya ga gari ya ce nan zan zauna.

Baba maƙeri yana jin dambe ya gyara zama, ashe shi ma ya taɓa ɗaure hannu yana saurayi can ƙauyensu. Ya ce to yanzu ka fara magana.

Yaƙin duniya na farko ya tashi 1914, cikin Oktoba Bullard ya shiga rundunar baƙi ta Faransa, wadda suke ce wa Lejiyon, sojan ƙasa, cikin ramuka da laka da ƙwarƙwata. Daga baya anka mai da shi runduna ta 170, da ita ya je Verdun, kuma duk wanda ya yi tarwaziyam ya san Verdun, daga Fabrairu har Disamba 1916 ana ruwan harsashin igwa, mutane dubu ɗaruruwa sunka mutu a kan ƴan tuddai. Cikin Maris ya ji mummunan rauni, anka kai shi jinya Lyon, anka ba shi lambar yabo ta Croix de Guerre. Wani da ya ce alhamdu lillahi na yi nawa ya koma gefe. Shi sai ya ce tunda ƙafa ta ƙi ramuka to sama zai hau. Ya shiga sojan sama ƙarshen 1916, ya samu takardar tuƙi 5 ga Mayu 1917. Don yaran su gane lokacin na ce musu watannin nan da yake koyon tuƙi su ne watannin da Kawusan, jagoran Abzinawa, ya kewaye barikin Faransawa a Agadas, Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Ƙasa ɗaya ce, can tana ba baƙin mutum jirgi, nan tana sare kawunan mutanenmu. Baba ya ce uhm, ya miƙo mini kofi na biyu.

Sati biyu ya cika na je, ko gwangwani ba a yanka ba, wai an kawo masa aikin murhu talatin na wata mai biki. Sati na uku na kira salula a kashe. Na huɗu na hau kabu-kabu na je na tarar ya tafi ƙauye gaisuwar mutuwa, yaran sunka nuna mini gangar jirgin rataye da waya ba fiffike ba wutsiya kamar kifin da anka fere. Ni ba jinkirin ya fi ci mini rai ba, mutuwa ba wanda ya isa ya hana ta, rashin kiran ne. Mutum na da lambarka, ya karɓi kuɗinka, ya san daga Talaje kake tasowa, ya ɗaga waya ya ce Mushe kar ka zo yau, mi zai rage shi? Kuɗin kabu-kabu da na kashe a zirga-zirgar nan da na tara da sun sayi buhun gawayi. Ga yaro a gida kullum in na shigo idonsa kan hannuna, har ya bar tambaya, wanda shi ya fi zafi.

Sati na biyar ya kira, a'a ƙarya nake, ni na kira ya ɗauka, ya ce zo ka gani an gama. Na je ya ɗauko shi daga cikin wani tsohon buhu ya ɗora bisa teburin aiki. Wallahi na yi shiru. Fiffike biyu sun zauna daram, sandunan tsakani duka ya sa su, wayoyin da ke gicciye ya ja su da siririyar wayar birkin keke sun yi tsam kamar tsirkiyar gurmi, in ka taɓa har ƙara suke. Hancin jirgin zagaye ne mai ƴan tsage-tsage inda iska ke shiga ta sanyaya inji, ya yi shi da murfin gwangwanin tumatir ya tsattsaga shi ɗaya bayan ɗaya da ƴar kurfi. Bututun hayaƙi dogaye biyu da ke bin gefe da gefe eriyar tsohuwar rediyo ce. Tayoyi ya yanko su daga silifas, farfela ya sassaƙa ta da itace ya goge, in ka hura tana juyawa. Har haƙarƙarin fiffike, waɗannan layukan da ke fitowa ƙarƙashin ƙyalle, ya bi su da bakin ƙusa ya fiddo su a kwanon. Ni ban ce ya yi wannan ba, a hoto ya gani.

Sai idona ya sauka kan fentin. Bisa kowane fiffike ga wani ƙaton farin tauraro cikin shuɗin da'ira, a wutsiya kuma ƴar tutar Amurka da layukanta, an zauna an zana ta da kyau har da ɗige-ɗigen taurari.

Na ce Baba wanga fa? Ya ce ba kai ka ce Ba'amurke ne ba? Hotunanka baƙi da fari ne ba a ganin launi, ni kuwa na san alamar jirgin Amurka, muna gani a fim. Gaskiyarsa ta wani gefen, laifina ne ban kawo mai launi ba, kuma ranar shayin nan kiran salla ya katse mu ban kai ƙarshen labarin ba. Amma na ce masa Baba ko kyauta ka ba ni jirgin nan da tauraron nan ba ni kai shi gida, don in akwai alamar da mutumin nan bai taɓa tashi da ita ba to ita ce wannan. Na ja benci na zauna na ƙarasa musu.

Cikin Agusta 1917 anka tura shi rukunin jirage na 93, kudu da Verdun, alamarsu agwagwa ce tana tashi, daga baya ya koma rukuni na 85. Ya fita yaƙi sama wajen sau ashirin. Shi ya ce ya kakkaɓo jirgin Jamus ɗaya ko biyu, amma ba a rubuta masa su a takardun soja ba, don a lokacin sai an samu shaidar da ta ga faɗuwar jirgin, saboda haka masu cewa ya harbo goma ko ashirin a Facebook su rage gishiri, mutumin bai buƙatar a yi masa ƙari. To Amurka ta shiga yaƙin a Afrilu 1917, ta ce Amurkawan da ke tuƙa wa Faransa jirgi su dawo ƙarƙashin tutarsu, har da ƙarin girma. Bullard ya je anka duba lafiyarsa kamar kowa. Abokansa farare anka ɗauke su, shi anka bar shi tsaye, ba don bai iya ba, jirgi ɗaya suke tuƙawa sama ɗaya suke hawa, fatarsa ce kawai. Kafin shekarar ta ƙare ma an fidda shi daga tuƙi gaba ɗaya, daga baya anka mai da shi rundunarsa ta ƙasa, tuƙin nasa duka ƴan watanni ne. Sai 1994, shekara talatin da uku bayan yana cikin kabari, sojan saman Amurka sunka ba shi muƙamin ƙaramin laftana. Na ce to Baba ka ga tauraron nan naka ya yi sammako da shekara saba'in da bakwai.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya ce to mi za a sa? Na buɗe salula na nuna masa, da'ira uku cikin juna, shuɗi a tsakiya, fari, ja a waje, wutsiya kuma tsaye uku shuɗi fari ja. Ya kalla ya kalle ni ya rage murya ya ce Mushe, a wanga zamani, cikin Katako, ni zan zauna in zana tutar Faransa? So kake a ce an saye ni? Yaran sunka yi ta dariya amma shi da gaske yake, kuma na fahimce shi, sojan Faransa sun bar ƙasar nan Disamba 2023, na Amurka sun bi bayansu 2024, kowa ya san yadda gari yake.

Na ce masa Baba ni ba yabon Faransa na zo yi ba. Kakana na wajen uwa cikin mazan jiya yake, can Tawa, ya yi musu yaƙi na biyu, ina yaro ina ganinsa da lambobinsa a ƙirji ranar biki, abin da ake ba shi na fansho kuwa ko rabin rabin na Bafaranshen da sunka kwana rami ɗaya bai kai ba, tunda sun daskarar da kuɗin sojan Afirka tun 1959. Kuma mun san abin da anka yi a Caroy kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944, sojoji baƙaƙe sun dawo daga yaƙi sun nemi haƙƙinsu anka buɗe musu wuta. Wannan duk ina koyar da shi a aji. Amma jirgin mutumin nan abin da ke jikinsa ke nan, in na canza don in ji daɗi na yi wa ɗana ƙarya, kuma ƙaryar za ta shafe ainihin abin da nake so ya sani, cewa ƙasar da ta haife shi ta hana shi abin da ƙasar wasu ta ba shi. Ya yi shiru can ya ce to zan yi, amma cikin gida zan yi shi da dare, kuma jikka biyu za ka ƙara na fenti. Na ce ɗaya. Ya ce ɗaya da rabi. Na ba shi.

Wannan gyaran ya ci wani sati biyu, ya zama bakwai ke nan cif daga ranar abansi.

A zuwan ƙarshe ne babban yaron shagon ya ce wai bayan yaƙin ya mutumin ya ƙare, ya yi kuɗi? Na ce ya yi, ya kuma rasa. Ya zauna Paris ya zama makaɗin ganga a gidajen rawa na unguwar Montmartre, ya riƙe wani gida mai suna Le Grand Duc, daga baya ya buɗe nasa, L'Escadrille, har da wurin motsa jiki. Ya auri Bafaranshiya a 1923 sunka samu ɗiya mata biyu da sunka rayu. Da yake yana jin Jamusanci, gab da yaƙi na biyu ya riƙa saurarar Jamusawan da ke shaye-shaye gidansa yana kai wa hukumar Faransa labari, su kuwa ba su kawo a ransu baƙin nan mai zuba musu giya yana jin abin da suke cewa ba. 1940 Jamus ta shigo, yana da shekara arba'in da huɗu ya sake ɗaukar bindiga wajen kare garin Orléans, ya sake jin rauni, ya tsere ta Spaniya ya koma Amurka ba shi da komi. A 1949 a Peekskill kusa da New York, wajen wasan mawaƙin nan Paul Robeson, taron masu ƙin baƙi har da ƴan sanda sunka rufe shi da duka, akwai hotunan. Aikinsa na ƙarshe shi ne tuƙa asansar, akwatin nan mai hawa da mutane bene, a ginin Rockefeller Center. Mutumin da ya tuƙa SPAD bisa Verdun, yana tsaye yana danna maɓalli yana tambayar mutane hawa na nawa. Faransa dai ta tuna da shi, 1954 anka gayyace shi Paris cikin masu sake kunna wutar kabarin sojan da ba a san sunansa ba, 1959 anka ba shi babbar lambar yabo ta Légion d'honneur, lambobin da ya tara daga Faransa sun haura goma. Ya rasu 12 ga Oktoba 1961 da ciwon dajin ciki, anka rufe shi a sashen tsoffin sojan Faransa na maƙabartar Flushing a New York. Jiharsa ta Jojiya sai 2019 anka kafa mutum-mutuminsa a gidan tarihin jirage na Warner Robins.

Yanzu ga jirgin kamar yadda yake bisa kabad ɗin falo, wata ɗaya ke nan. Launin jiki ruwan ƙasa mai haske na ce a yi, ya yi daidai, da'irorin sun fita zagaye sumul don da bakin kofin shayi da murfin kwalba ya zana su, in ka ƙura ido ƙarƙashin fentin fiffiken hagu kana iya hango inuwar tauraron da anka shafe, ɗana ne ya gano, ni ban damu ba, har ma ya fi mini. Agwagwar gefe kam sai haƙuri, zabuwa ce sak, duk wanda ya gani zabuwa yake cewa. Fiffiken ƙasa na dama ya ɗan karkace kaɗan, sai ka duba ta gaba za ka lura. Bakin kwanon wutsiya bai naɗe shi ba, ranar farko ya yanki yatsan yaron har jini, sai da na bi shi da sanfefa da kaina, to wanda zai sa a yi wa ƙaramin yaro ya ce a naɗe kowane baki tun farko, kuma ko an naɗe wanga ba abin jifa da guje-guje ba ne, na ajiyewa ne a kalla. Fentin bai gama bushewa ba anka ba ni, kwana uku falo na warin tina uwargida na mita. Tayar hagu ta fita a sati na biyu don da gam ya liƙa ta maimakon ya lanƙwasa bakin wayar. Waɗannan duk ƙananan abubuwa ne da minti talatin na haƙuri zai hana, kuma abin haushi ke nan ga mutumin da ya zauna ya tsaga murfin tumatir sau ashirin don hanci ya yi kyau.

Amma akwai abin da ya yi wanda ya wanke masa rabin laifi. Ranar shayin farko na faɗa a wuce cewa Bullard na da ɗan biri mai suna Jimmy da yake shiga jirgi da shi, akwai ma hotonsu tare gaban jirgi. Ban sake tada maganar ba. Da na zo ɗauka sai na ga cikin kujerar ga matuƙi na itace an shafa masa baƙin fenti da ƴar hular fata ta gaske, guntun tsohon takalmi, a kafaɗarsa kuma ga wani ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa da wutsiya ta waya a murɗe. Na ce Baba wanga fa? Ya ce birin ne, ba ka biya shi ba, nawa ne na ba yaron. Ɗana da ya gani bai ko kalli farfela ba, birin ya fara ciro wa.

Jikka talatin da shida da rabi, ban da kabu-kabu. Ya cancanta? Ga aikin hannu, ƙwarai, ban ga inda za ka samu irinsa a kuɗin nan ba, kuma da na sake samun dalili zan koma. Sai dai wanda zai je ya tafi da hoto mai launi, ya rubuta komi a takarda ya bar musu, kar ya ba da abin da ya wuce rabi, ya je da safe kafin kwano ya ɗau zafi, kuma in don biki ne ko ranar haihuwa ya faɗi ranar ƙarya wata guda kafin ta gaskiya.

Na manta, a hirar nan na gaya musu ba Bullard kaɗai ba ne baƙin da ya tuƙa jirgi a yaƙin farko, akwai William Robinson Clarke ɗan Jamaika wajen Ingila, akwai kuma Ahmet Ali Çelikten wajen Turkawan daular Usmaniyya, wanda ake cewa kakarsa daga Barno anka kai ta. Shekaranjiya ina cikin aji salula ta yi ta ruri, na fito na duba, Baba maƙeri ne, karo na farko ke nan da lambarsa ta taɓa kirana. Ya ce Mushe, wancan na Turkiyya jikan ƴar Barno, kana da hoton jirginsa? Ina so in gwada, mai launi za ka kawo. Na ce zan nema Baba, amma ranar Asabar ina tafe da tayar hagu a aljihu.